Baƙi na Giya, Toka-toka na Iska

Fairbanks, 9 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwar Mama, ta daina kumbura? Yaya 'yar'uwata Marlys da yara? Ni lafiya lau, aiki a filin jirgi yana tafiya.

Na haɗa tulun giya a firji da tukunyar iskar gas mai tura ta, yadda ka koya min a gareji. Ran Asabar na kira abokan aiki, ina ta cika baki cewa mu 'yan garin Sheboygan ba ma shan ta kanti. Na buɗe famfo, sai huci, ko ɗigo babu. Duane, direbanmu, ya ce, "Wendell, iska ka gayyace mu sha?"

Baba, kawunan tiyo biyu masu shiga tulun na musanya. Sau nawa ka ce min baƙi na giya, toka-toka na iska? Da suka ƙi shiga, dannawa na yi da ƙarfi. Da na rage iskar kuma, giya ta biyo tiyo ta cika agogon auna gas na Kaka, wanda ka miƙa min ranar da zan taho. Allurarsa ba ta motsi.

A waya na ce maka yana aiki. Ba ya yi. Na naɗe shi a tawul, yana hanya. In zai gyaru, a hannunka ne. In ba zai gyaru ba, ka faɗa min da bakinka, kada ka bar wa Mama saƙon.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka,
Wendell