Sawu na Goma Sha Tara

Litinin, 8 ga Satumba

Na sa hannu a fom ɗin kulob ɗin iyo. Inda aka rubuta "uba, uwa ko mai riƙo", sunana na sa. Baba ya ce ba ya sa hannu a abin da bai yarda da shi ba. Mama ta ce hannunta da kumfa. To, ni nawa a bushe yake. Wata huɗu da gama jami'a, takardar digirin ƙididdiga na cikin leda a ƙarƙashin katifa, wasiƙun neman aiki ashirin da uku, amsa biyu, duka "mun gode". Lokaci kam ina da shi.

Bara ƙanwata Auta a ajin 'yan koyo take, ranar Asabar kawai. Bana kocin ta ce ta shigo cikin 'yan gasa. Ga sharaɗin Baba, na rubuta shi yadda ya faɗa don kada gobe a canza: akwai gasa ranar 18 ga Oktoba. In ta kai lokacin shiga rukunin manya, ta ci gaba. In ba ta kai ba, iyo ya ƙare, a koma wa littafi. Ya ce, "Sikeli, ke ce shaida, tunda ke ko gishirin miya sai kin auna."

Lokacin shiga: mita 800 cikin minti 11 da daƙiƙa 30. Mafi kyawun da ta taɓa yi, 11:47. Shekararta goma sha uku.

Daƙiƙa goma sha bakwai ne tsakani. Za mu gani.

Alhamis, 11 ga Satumba

Fom ɗin shafi huɗu ne, amma babu inda ya ce ba yaro kaɗai suke ɗauka ba, da gidansu suke haɗawa. Tashi biyar saura kwata, sau biyar a mako. Tawul ɗaya ba ya bushewa kafin gobe, sai biyu. Igiyar tabarau ɗin ruwa ba ta tsinkewa sai ranar da babu wani. Yarinyar da ke wasa da abinci yanzu tana cinye burodi da ƙwai biyu da ayaba a tasha, ta tambaye ni ko akwai saura. Kuma ranar gasa kowane gida sai ya ba da mutum ɗaya ya yi aiki. Babu wanda ya gaya mana wannan. Da sun gaya wa Baba, da ya ji daɗin ƙarin hujja.

Laraba, 17 ga Satumba

Mama ta ce idon Auta ya yi ja, gashinta ya zama tsintsiya, gidan duk warin maganin ruwa. Na ce jan ido awa biyu yake yi ya wuce, na duba. Ta ce, "Ke komai kin duba." E, na duba.

Asabar, 20 ga Satumba

An raba aikin gasa. Ni aka ba ƙirga.

Wurin iyon mita 25 ne, ke nan 800 sawu talatin da biyu ne. Mai iyo na mantawa da ƙirga a tsakiya, shi ya sa ake sa wani nasa ya durƙusa a ƙarshen layi da allon roba mai lambobi. Duk sanda ta iso, in tsoma allon cikin ruwa ta gani: 1, 3, 5, har 31. Akwai kuma alama da kowa ke shiryawa da nasa. In an motsa allon sama da ƙasa, tana kan lokaci. In gefe da gefe, tana baya.

Maman Tagwaye, wadda ta shekara shida tana wannan durƙuso, ta ce in ninka tawul a ƙarƙashin gwiwa, in naɗe hannun riga. "Kuma kar ki faɗa ciki, 'yar nan, na ga kina kallon ruwan kamar zai cije ki." Ban iya iyo ba. Ba ruwanta.

Na raba lokacin: kowane sawu daƙiƙa 21.56. Na rubuta duka a kati, na naɗe da leda.

Jumma'a, 26 ga Satumba

Gwaji na farko, ya lalace.

A sawu na biyar tana baya da daƙiƙa 0.6. Na kaɗa gefe da gefe. Na bakwai, 0.9. Na kaɗa. Daga nan ta fara dukan ruwa kamar mai faɗa da shi, numfashi ya rikice, a na ashirin da uku ta kama bango ta tsaya tana tari. Ba ta ƙarasa ba.

Kocin ta ja ni gefe. Ba ta ɗaga murya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. "Malama, ba injin niƙa kike ƙirga wa ba. Rabin daƙiƙa ba baya ba ne." Na ce rabin daƙiƙa rabin daƙiƙa ne, sau talatin da biyu ya zama goma sha shida. Ta ce lissafina daidai ne, ƙanwata kuma ga ta can tana kuka a ƙarƙashin famfo.

Ni ba zan nuna wa yarinya abin da ba haka ba. Su nemi wani in ƙarya suke so.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Gwajin lissafin Auta a makaranta: 13 cikin 20. Wancan zangon 16 ne. Baba ya ajiye takardar a kan tebur kusa da kofina. Na zauna da ita da yamma muka warware duka bakwai ɗin. Biyar daga ciki gaggawa ce, ba rashin sani ba. Na mayar masa da takardar inda ya ajiye ta.

Talata, 7 ga Oktoba

11:36. Ta ƙarasa, amma duk sanda na kaɗa gefe da gefe sai na ga kafaɗunta sun ɗaure, sawun da ke biye ya fi muni. Sau huɗu na kaɗa, sau huɗu hakan ta faru. Na rubuta.

A mota na ce ko mu bar alamar, lamba kawai. Ta ce a'a. "Yaya, su Koci lallashi suke yi. Ke kaɗai ce in kin ce ina kan lokaci na san ina kai. Ke ai ko agogon gida ba kya bari ya yi ƙarya."

Na ji daɗi. Daga baya na sake duba inda na rubuta sau huɗun nan.

Jumma'a, 17 ga Oktoba

Tabarau biyu, hula biyu, tawul uku, kati, agogo. Na duba jakar sau huɗu. Baba ya ce in kawo masa takardar sakamako, ba labari ba. Na ce ni yaushe na taɓa kawo labari?

Asabar, 18 ga Oktoba

Layi na huɗu. Wurin ya cika, ƙara kamar a cikin ganga, usur ta kowane gefe. Na rubuta mata lambar tserenta a hannu da alƙalami mai kauri kamar yadda kowa ke yi. Hannun nata sanyi ƙalau.

Har sawu na goma sha ɗaya tana kan kati. Na sha uku, baya da 0.8, ban kaɗa komai ba, lamba kawai. Na sha biyar, 1.7. Na sha bakwai, 2.5. Na gyara durƙuso a kan tawul. Maman Tagwaye tana layi na biyar tana yi wa nata ihu kamar ana yanka ta.

Na sha tara ya kamata ta taɓa bango a 6:49.7. Agogo ya nuna 6:52.9, baya da 3.2. Ina ganinta tana tahowa, ta ɗan ɗago kai a cikin ruwa tana neman allon. Ba lambar take nema ba.

Na tsoma shi. Sama da ƙasa.

Ta juya ta tafi, hannun ya miƙe, dogo, ba gaggawa. Na ashirin da ɗaya, 2.9. Sama da ƙasa. Na ashirin da biyar, 2.0. Daga nan ban ƙara duba katin ba, ya ma faɗa ruwa. Hannun rigata ya jiƙe har kafaɗa. A na talatin da ɗaya an ce ihuna ya fi na Maman Tagwaye. Ban tuna ba.

11:29.71.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Baba ya sa tabarau ya karanta takardar sau biyu. Ya ce, "Da ƙyar." Na ce sharaɗin bai ce da sauƙi ba. Ya ce in kawo biro, a ƙasan sunana a kwafin fom ɗin akwai sauran wuri. Mama ta ce to yanzu sai a nemo man gashi na kirki.

Auta tana shanya tawul ta ce, "A tsakiya na ji kamar na mutu, wallahi na ɗauka na yi baya sosai. Da na ga kin ce ina kai, sai na ce to jikina ne ke ƙarya." Ta yi dariya. Na ce ta matse tawul ɗin da kyau, yana ɗiga.

Jiya kocin ta wuce ta bayana a daidai sawu na sha tara, da nata agogon a wuya. Da muka haɗu a ƙofa ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Malama." Shi ke nan.

Allon yana da santsi in ya jiƙe. Kuma daƙiƙa 3.2 cikin 410 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, a ajinmu irin wannan ba ma kiransa bambanci. Na lissafa sau biyu.

Ban gaya wa Auta ba. Wataƙila in ta kai goma sha takwas.

Rukunin manya biyar da kwata suke shiga ruwa. Na mayar da ƙararrawa huɗu da rabi.