Sirdin Keken Malam Hamma

Daura, 9 ga Maris, 2004

Zuwa ga 'yata Maijidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fama da aikin asibiti. Mu nan sai godiyar Allah.

Takardarki ta iso ni ta hannun direban motar Kano. Kin ce innarki Shatu ta aika miki cewa hannun hagun babanki Hamma yana mutuwa, yatsunsa suna yi masa kamar ana tsira allura. Kin ce in ja shi asibiti a auna jininsa, tunda aminina ne, tun muna yara maganata kawai yake ji. Haba Maijidda! Na yarda ke nas ce, amma ni ma shekara talatin da ɗaya ke nan ina gyaran keke a rumfata. Wannan ciwon na san shi, kuma ba a jikin Hamma yake ba, a jikin kekensa yake.

Kin san keken tseren nan da ya sayo a kasuwar Mai'adua, mai lanƙwasasshen kai. Wanda ya sayar masa dogo ne sanƙalele, babanki kuwa kin san tsawonsa. Sirdin ya yi masa sama, bakinsa kuma ya duƙa ƙasa, don haka kullum zamewa gaba yake yi, nauyinsa duk ya koma kan tafin hannu. Ga shi tun da aikin kotun shari'a ya ƙaru, shi kaɗai ne masinjan da ke kai sammaci ƙauyuka, yau Sandamu gobe hanyar Zango. Yaya hannu ba zai mutu ba?

Jiya na kama shi. Na sa ya hau, ya dafa bango, ya ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa. Na yi ta sauke sirdin har ƙafarsa ta miƙe ba tare da ƙugunsa ya karkace ba. Yatsa biyu cur na sauke. Na aza ɗan katako a kan sirdin, na ɗora kofin ruwa, na daidaita har ruwan ya tsaya. Sannan na ɗaga kan keken, na matso masa da shi kusa. Ya zaga kasuwa ya dawo yana washe baki, wai ashe shekara biyu azaba yake sha.

Ki kwantar da hankalinki, ki bar mini tsohon nan. Ki gaida mutan gida.

Ni ne babanki,
Maharazu mai gyaran keke

Daura, 14 ga Afrilu, 2004

'Yata Maijidda,

Sallama da gaisuwa. Yaya zafi, yaya yaran?

Na ga takardarki ta biyu, kuma gaskiya ban ji daɗin yadda kika rubuta ta ba. Kin ja layi har biyu a ƙarƙashin kalmar asibiti, sai ka ce da yaro kike magana. Eh, ciwon hannun ya ɗan dawo masa. Eh, ya faɗi sau ɗaya a hanyar Sandamu, amma yashi ne, kowa yana faɗuwa a wurin. Gyaran zaman keke ba a gama shi rana ɗaya. Na ƙara ɗaga kan, na ja sirdin baya kaɗan, na naɗe mariƙin da robar tsohon tub don ya yi laushi.

Ba sai kin nemi hutu kin zo ba. Innarki ce mai tsorata mutane, kin san halinta.

Babanki,
Maharazu

Daura, 6 ga Mayu, 2004

Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma Kano lafiya. Yaya gajiyar jinya? Allah ya ba ki ladan abin da kika yi wa mahaifinki.

Kwana tara kika yi a Daura, kullum muna haɗuwa a bakin gadonsa, kina durƙusawa kina gaishe ni kamar yadda kika saba. Ko sau ɗaya ba ki ɗaga ido kin tuna mini da takardunki ba. Wallahi da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kasa yi miki magana baki da baki, shi ya sa na bari sai da kika tafi.

Kin ji abin da kowa ya ji: ranar Litinin bayan azahar ya sauko daga keke a ƙofar kotu, ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa, bakinsa ya karkace. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, kuma ya daɗe yana ba da alama. Akwai abin da ba ki ji ba.

Ranar da na yi gyara na biyu, kafin in rubuta miki takardar nan ta rashin kunya, Hamma ya ce mini birkin hagu ya yi tauri. Na matsa na ji lafiyarsa ƙalau. Duk da haka na sassauta wayar, na zuba mai, har ya zama da ɗan yatsa ɗaya ma sai ya kama. Na ce ya matsa. Maijidda, ina tsaye ina kallo, ya tattara duk ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta tashi, birkin ko motsi bai yi ba. Na san sirdi ba ya yin haka, kan keke ba ya yin haka.

Shi ma ya ga fuskata. Ya riƙe mini riga, ya ce saura masa shekara ɗaya da rabi ya yi ritaya, idan aka ji hannunsa ya mutu za a ba mai babur aikin. Ya ce in ƙara gyarawa kawai, ai wancan karon ya ji daɗi. Zan iya cewa don shi na yi shiru, amma ba zan yi miki ƙarya a takarda ta uku ba. Na riga na cika baki a gabanki da gaban Shatu, na ji kunyar in dawo in ce yarinyar da aka raɗa wa suna a gabana ta fi ni gaskiya. Sai na ɗauki sifana na ja sirdin baya. Kwana goma sha biyu tsakanin wannan rana da faɗuwarsa. Da a kafaɗa na saɓa shi zuwa asibiti, da mun isa sau nawa?

Keken yana rumfata, 'yan kotu ne suka turo mini shi. Na jingine shi ta ciki, na kasa taɓa shi.

Maganarsa ta fara fita kaɗan kaɗan, sai an kasa kunne. Jiya da hantsi na je, Shatu ta fita ɗauraye kwano, sai ya yafito ni da hannun dama. Na sunkuya. Na zaci zai ce na cuce shi, har na shirya ji. Ashe tambayata yake ko na gama gyaran keken. Wai yana ganin kan ne har yanzu ya yi masa nisa, in ƙara matso da shi yatsa ɗaya kafin a sallame shi, don sammaci sun taru.

Likita ya gaya mana, ke ma kin sani, ba zai ƙara hawa keke ba. Na riƙe hannun nan da ba ya ji, na ce masa saura kaɗan.

Ki yafe mini idan za ki iya.

Maharazu