Na Ga Takwarata a Bakin Ruwan Deira

Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, ni ce. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, kuma ko da ranka ba kai ne mai karanta wasiƙa har ƙarshe ba. Amma magana ce ta cika mini ciki, kuma ba ta yara ba ce, taka ce.

Gida lafiya lau. Sadiku ɗanmu yana riƙe da shago, ya yi ƙiba har ya fara tafiya irin taka. An yi wa Yaya Babba aikin ido, yanzu tana ganin laifin kowa daga nesa. Mangwaron da ka ce a sare ban sare ba, bana ya yi 'ya'ya har mun rarraba wa maƙwabta.

Daga Dubai nake rubuto maka. E, ni ɗin. Nafisa autarmu ta samu aikin nas a nan, ita ta matsa ta aiko mini da biza, wai shekara uku ina zaune a ɗaki ya isa haka. Muna unguwar Al Ƙusais, a gidan haya da take zaune da wasu 'yan mata biyu.

Alhaji, shekara ashirin kana zuwa garin nan saro kaya, abin da muka taɓa ji daga bakinka shi ne zafi da ciwon ƙafa. Me ya hana ka gaya mana akwai jirgin ƙasa marar direba? Na je har gaba na leƙa, babu kowa sai gilashi. Na ga dogon benen nan, na ɗaga kai har mayafina ya zame. Na ga teku, na ɗanɗana da yatsa don in tabbatar da gishirin da ake faɗa. Ta ina suke samun ruwan sha? Wa ke share musu titi da ba a ganin ko ledar ruwa? Nafisa ta gaji da tambayoyina, ni kuwa ban gaji ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san sunan mahaifiyarka gare ni, don haka bakinka bai taɓa furta sunana ba. Da farko Amarya kake ce mini, har amarcin ya tsufa. Da ka dawo daga wata tafiyarka ta Dubai sai ka fara kira na Abra. Ban taɓa tambayar ka ma'anarsa ba. Kunya ce, da kuma tsoron kada ya gaza abin da na ƙiyasta a raina. Yau zan faɗa maka gaskiya: da mata suka dame ni da tambaya a gidan biki, cewa na yi lu'ulu'u ne da Larabcin mutanen can. Ni na ƙirƙira. Har yau rabin unguwarmu Hajiya Abra suke ce mini, suna ganin lu'ulu'u suke kira.

Ranar Talata Nafisa ta kai ni Deira, inda wani hannun teku ya ratso tsakiyar gari. Manyan jiragen katako sun jeru a bakin ruwa, ana loda musu firji da tayoyi da buhuna, an jibge kaya a fili babu mai gadi. Ina cikin kallo sai na ji yarinyar nan ta ce abra. Wallahi sai da na amsa da na'am kafin na juyo in ci mata mutunci, yaushe ta fara kiran sunan uwarta gatsal? Ashe ba da ni take ba. Hannunta na nuna ruwa.

Kwale-kwale ne, Alhaji. Wani ɗan tsohon jirgin katako mai rumfa, da benci a tsakiya, mutane sun zauna sun ba juna baya. Injinsa ƙara kamar na markaɗe, yana tafe yana tari. An ɗaura masa tsofaffin tayoyi a gefe saboda idan zai tsaya sai ya bangaji gaɓa. Sunansa ke nan, abra. Nafisa ta sani tun zuwanta garin nan, ta rufe bakinta shekara biyu. Da ta ga fuskata ta yi dariya har ta durƙusa, ni kuwa na ce ba inda zan shiga, a mayar da ni gida.

Na ji haushinka ƙwarai. Ranar ko abincin rana ban ci ba. Ƙarar ce ta tuna maka da ni, ko bangazar? Na san ina da faɗa, ba sai an gaya mini ba. Amma a duk abin da ke garin nan, da zinariyar da na gani an rataye a kasuwa kamar kayan miya, kwale-kwale ka ga ya dace da ni? Shekara da shekaru kana kira ina amsawa, ashe dariya kake yi a ciki?

Washegari na ce lallai sai an kai ni wurin Alhaji Isuhu, abokinka mutumin Maraɗi, wanda a da yake ɗaure maka kago, kayan da kake aikowa gida, a kasuwar Murshid Bazar. Yana nan, gemu ya yi fari fat, yana zaune a tsakiyar katan-katan. Ya yi mini gaisuwarka kamar jiya ka rasu, har ya share ido da hannun riga. Na cire kunya na gaya masa sunan da kake kira na da shi. Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce shi bai taɓa jin ka ambaci iyalinka a gaban maza ba, don haka ba zai yi maka ƙarya ba. Abin da ya sani kawai, duk ranar da ka gama da 'yan kago, kanka ya ɗau zafi, sai ka sulale ka tafi bakin ruwa ka hau abra. Ba ka da abin yi a tsallake. Idan ya isa ba ka sauka, sai ya dawo da kai, ka sake komawa, wani lokaci har sau huɗu. Suna yi maka tsiya, kai kuwa ka ce a duk Dubai nan ne kawai hankalinka ke kwanciya.

Ina zaune a kan katan ɗin nan sai wani abu ya faɗo mini. Ka tuna shekarar da muka aurar da babbar 'yarmu, da ka ce in shirya in bi ka wannan karon, za ka nuna mini takwarata? Ni kuma na ɗauka wata mace ce a can mai wannan suna, har ka samu bakin gaya mini. Kwana uku ban yi maka magana ba. Na ce ka je ka gaishe ta, ni ba ni da takwara a bariki. Ka yi murmushi ka ɗauki jakarka, ba ka sake tayar da zancen ba. Me ya sa ba ka yi mini bayani ba? Ko ka yi niyya, ni ce ban bar ka ka kai ƙarshen magana ba? Na fi zaton hakan ne.

Jiya da hantsi na koma bakin ruwan ni kaɗai, ban ko gaya wa Nafisa ba. Na hau abra, wata Ba'indiya ta riƙe mini hannu. Ruwan yana kusa, da na miƙa hannu zan taɓa shi. Fararen tsuntsaye suna bin mu, iska mai ɗan ƙarni tana bugun fuskata, ga hasumiyar masallaci a tsallake tana matsowa a hankali. Da muka isa kowa ya sauka, ni na zauna. Direban ya dube ni, na nuna masa baya da hannu, ya kaɗa kai kamar ya saba da irinmu. Ƙarar ma, idan mutum ya daɗe a ciki, sai ya daina jin ta.

A ƙetarawa ta uku wani dattijo da matarsa suka zauna kusa da ni. Yana nuna mata jiragen kaya da yatsa, ita kuma tana ta yi masa gardama da yarensu. Nan na ja mayafi na rufe fuskata.

Na ga takwarata, Alhaji, na kuma gaishe ta. Ba ta da kyau, amma na gane abin da ka gani. Da ma na biyo ka a waccan shekarar. Ka yafe mini kwana ukun nan.

Allah ya jiƙan ka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya sada mu da alheri. Idan mun haɗu, ka kira ni kamar yadda ka saba, zan amsa tun kafin ka rufe baki.

Taka har kullum,
Abra