Ƙodar da na ba Usman

Assalamu alaikum Yaya Hajara. Ina gajiya, ina iyali, ya ƙafar taki? Maƙwabciyata ke rubuta mini. Mu nan Gadarif ta Sudan alhamdulillahi, sai dai jikin ɗana Usman.

Ƙodar da na ba shi bara ta fara gazawa, an mayar da shi wankin ƙoda a mustashfa, wato asibiti. Yaya, tsoro nake ji. Kin san ba mu da takardar haihuwa. Da diktor, likitan da ya yi aikin, ya tambayi shekaruna, goma na rage, har lalle na sa wa furfurata, don kar ya ƙi karɓa. Yanzu ya ce ƙodar ta gaji. Usman kuwa sai cewa yake, "Inna, ki yafe mini, na ɓata miki kyautarki." Har yau ban gaya masa gaskiyar ba.

Ki gaida Malam, ku sa Usman a addu'a. Ni kuma ki roƙa mini gafara.

Ƙanwarki, Amina