Kofuna Ɗari da Arba'in

Lahadi, 3 ga Maris
Mama Fasto ta sa ni wankin kofunan Jibin Ubangiji. Ni! Duk matan cocin nan ba ta ga kowa ba sai wadda ko hannun ƙofa ba ta kamawa sai da gefen zane. Wai, "Hidima magani ce, 'yata." To, na ga magani. Kofuna ɗari da arba'in, kowanne da shaidar bakin mai shi: jan-baki, maiƙo, wani har yawu ya kwanta a gindinsa. Tsohuwar da ke wankin tun kafin a haife ni, wadda kowa ke ce wa Kaka, ko a jikinta. Tsoma hannu kawai take, bakinta na motsi.
Da na dawo na wanke hannu sau goma sha ɗaya.

Talata, 5 ga Maris
Yatsuna sun sake tsagewa. Jini ya ɗiga a farin yadin da nake ɗinka wa wata malamar makaranta. Tir.
Shekara guda ke nan tun da 'yata ta yi kwana goma sha tara a asibiti da ciwon ciki. Wata nas ta ce mini, "Hannu ne ke kawo shi." Ita ta faɗa ta wuce abinta. Ni kuwa tun ranar nake ganin ƙazanta a komai, kuma ba abin da nake ƙyama kamar hannuna. In na taɓa yarinyar, ƙirjina ya dinga bugawa har sai na ga ta wayi gari lafiya. Sai na daina taɓa ta. Babanta ke mata wanka, maƙwabciya ke mata kitso. Shekararta shida.

Alhamis, 7 ga Maris
Zumuntar mata. Aka sanar da damuwata a gaban kowa, wai batun addu'a. Suka kewaye ni, hannu goma sha biyu a kaina, duk gumi, wata ma yanzu ta gama fyace majina. Suna kora aljanin tsoro, ni ina lissafin sabulun da ya rage a gida. Amin ɗina ya fi na kowa ƙarfi, don a sake ni.

Asabar, 16 ga Maris
Yayar maigida ta zo. A gabana ta ce masa, "Hutun makaranta na zuwa, zan tafi da yarinyar nan ta zauna wurina. Uwar da ke gudun 'yarta kamar kashi, ina amfaninta?" Ya sunkuyar da kai. Bai ce a'a ba.
Na so in ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma yarinyar na bakin ƙofa, hannuwanta a baya. Haka ta koyi tsayawa kusa da ni, don kada ta taɓa ni bisa kuskure. Ban taɓa lura ba sai yau.

Lahadi, 17 ga Maris
Na durƙusa zan yi addu'a. Ba abin da ya fito. Ina ta kallon ƙurar ƙarƙashin gado.

Lahadi, 7 ga Afrilu
Kofuna kuma. Na zo da safar hannu, Kaka ta yi dariya har haƙoranta uku suka fito. "Amarya, tiyata za ki yi?"
Na tambaye ta me take gunaguni a kai. Ta ɗaga wani kofi mai jan-baki har gefe biyu.
"Addu'a mana. Ni doguwa ba na iyawa, barci take sa ni. Kofi ɗaya, addu'a ɗaya. In ce, Uba, ga wannan bakin, ka san abin da ke cin mai shi. Sai in ɗauraye, in kife."
Na ce ai ba ta san na wane ne ba.
"Ina ruwana? Shi ya sani. Ke kina ganin yawu, ni ina ganin mutum ya zo da ƙishinsa." Sai ta kama wuyan hannuna da jiƙaƙƙen hannunta, ta dubi tsagar. "Wannan kuma ki kai wa likita. Allah bai ce a zauna ba."
Na gwada a kofi huɗu, don kawai ta ƙyale ni. Ƙyamar na nan daram. Amma ban yi amai ba.

Laraba, 10 ga Afrilu
Na je wurin likita. Ashe abin har suna gare shi, kuma ba ni kaɗai ba ce. Ta ce in na ji wankin ya taso, in jira minti biyar tukuna. Minti biyar! Me zan yi da su? Na tsaya gaban famfo kamar wawiya ina cewa, "Uba, ga wannan hannun, ka san abin da ke cin mai shi." Sau talatin wataƙila. Daga baya na wanke, amma sau biyu.

Juma'a, 12 ga Afrilu
Sau tara na wanke hannu yau. Haushin kaina nake ji. Yaya ta aiko a haɗa kayan yarinya, Asabar ta sama za ta zo.

Talata, 16 ga Afrilu
An dawo da ita daga makaranta da rana, jiki zafi. Babanta na wurin aiki. Tana tsaye a tsakar ɗaki, hannu a baya, ta ce, "Mama, yi haƙuri," sai amai. A rigarta, a tabarma, a ƙafata. Wari kamar me. Ƙafafuna suka nufi famfo da kansu, wallahi har na kai ƙofa.
Ta sake cewa yi haƙuri.
Ban san sa'ad da na ce, "Uba, ga wannan bakin" ba. Na dawo na ɗauke ta da aman da komai. Ta yi nauyi. Yaushe ta yi nauyi haka? Ina ta maimaita addu'ar, ina goge mata baki da tafin hannuna. Ta ce, "Hannunki da kaushi." Zan janye, ta riƙe. "Bar shi."
Zazzaɓi ne kawai, in ji likita.

Asabar, 20 ga Afrilu
Yaya ta zo, ta same ni ina yi wa yarinyar kitso. Karkatacce, na manta hannu. Ta zauna, ta sha ruwa, ta yi zancen tsadar kaya. Ba ta tambayi jaka ba, ni ma ban haɗa ba. Ita kaɗai ta koma.
Ba na cewa na warke. Har yanzu hannun ƙofar coci abin ƙyama ne, kuma wata mai zuwa kofunan nan na jirana, da jan-bakinsu.
Ɗazu yarinyar ta rage ruwa a kofinta, na ɗauka na shanye. Sai da na ajiye kofin na tuna.
Ƙishi nake ji, shi ke nan.