Juma'ar Abednego

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024

Yau na koma lambu, karo na farko tun da aka binne Abednego. Na tarar da albasar da ya dasa da hannunsa ta miƙe kore shar, kamar ba ta ji labari ba.

Lokacin da dattawan unguwa suka kafa lambun nan a bakin rafi, bayan shekarun da Kafanchan ta sha wuta, sharaɗi ɗaya suka gindaya: kowane fangali na mutum biyu ne, Musulmi da Kirista. Ranar Juma'a Kirista ya yi ban-ruwa, ranar Lahadi Musulmi ya yi, Talata su haɗu su cire ciyawa. Haka ni da shi muka yi har gemuna ya fara furfura, kansa ya yi sanƙo. In na tsaya ina rera masa sabon baiti, sai ya ce, "Ƙasimu, waƙan ka ya yi daɗi, amma ciyawa bai ji ba." Yau na rera, babu wanda ya katse ni:

Ka dasa ka wuce, ya ɗan'uwa,
Ka bar mini rafi da kewa,
Albasa tana ta tsirowa,
Ni ko ina ta ƙonewa.

Talata, 5 ga Nuwamba

Madam Martina, shugabar lambu, ta same ni tsugune. Ta yi mini gaisuwa da ladabi, sannan ta kawo maganar da ta zo da ita: doka ba ta yarda fangali ya zauna a hannun mutum ɗaya ba. Ko in sami abokin aiki kafin Kirsimeti, ko a miƙa shi ga waɗanda ke jiran layi. Na ce mata, "Madam, mutum bai ko huce a kabarinsa ba." Ta ce, "Malam, na sani. Amma ba ni na yi dokan ba."

Wa zan sa a gurbinsa? Babu.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci ban nufi gida ba. Ƙafafuna da kansu suka kai ni rafi. Ranarsa ce, ba zan bari ta wuce fangalin yana ƙishi ba. Abin mamaki, na tarar da ƙasar da danshi. Duk da haka na zuba, na zuba har sai da ruwa ya kwanta. Ji nake kamar shi nake shayarwa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Matata Rahmatu ta ce tun ranar jana'iza ban taka gidan Abednego ba, wai matarsa Maman Hellen za ta ce na yar da zumunci. "Waƙa ka iya, gaisuwar mutuwa ta gagare ka." Gaskiyarta. Amma ina zan iya shiga tsakar gidan nan in ga kujerarsa ƙarƙashin gwaiba, babu shi a kai?

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Bakin ganyen ya fara rawaya. Na tona ɗaya a gefe, gindin ya yi laushi, yana wari.

Zuciyata ta faɗi. Wannan albasa ita ce aikin hannunsa na ƙarshe a duniya, ita kaɗai ta rage mini da zan iya taɓawa. Kowace Juma'a ina samun fangalin jiƙe kafin in zo, kuma ba a yi ruwan sama ba. Rufus ne maƙwabcinmu ta sama, kwalbatinsa kusa da namu take. Ƙaninsa kuwa yana cikin masu jiran layi. Ba na son zato, amma ga shi na yi.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na yi wa Rufus magana, kuma ban yi ta da kyau ba. Na ce yana sako mini ruwa da gangan don albasa ta lalace a ƙwace fangalin. Ya ajiye fartanya ya dube ni. "Malam mai waƙa, ni? Ni da na ɗauki akwatin Abednego a kafaɗa na?" Mutane suka taru. Ya ce, "Kai da kake zuba ruwa kamar kana noman shinkafa!" Aka yi dariya. Na juya na tafi, kunnuwana suna zafi.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Jiƙe kuma. Layi biyu sun kwanta. Na zuba kaɗan, don kada ranar ta tafi haka.

Alhamis, 5 ga Disamba

Gobe zan yi sammako in kama mai yin wannan aiki da idona.

Juma'a, 6 ga Disamba

Ya Allah, ta ina zan fara?

Da gari ya waye na laɓe bayan ayabar da ke bakin rafi, ina jiran Rufus. Sai ga mace ta gangaro da bokiti, ɗankwalinta baƙi. Joanna ce, Maman Hellen, matar Abednego. Bokitin ma nasa ne, mai marfin nan da ya ɗaure wa hannu da waya. Ta ɗebo ta zuba, ta koma ta ɗebo ta zuba, tana rera wata waƙar coci a hankali, tana share ido da bakin zane. Ba ta iya ban-ruwa ba ko kaɗan. Kwarara shi take yi kamar mai wanke tsakar gida.

Na fito. Ta firgita har bokitin ya kuɓuce mata.

"Malam, ka tsorata ni! Ina kwana."

Na ce, "Maman Hellen, ke ce kike zuwa?"

Ta ce tun satin farko. "Yau ranan Baban Hellen ne. In ban zo ba, wa zai zo? Kai kana masallaci." Na ce ai ni ma ina zuwa bayan masallaci. Ta dubi layin da ya ruɓe, ta dube ni, ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo Yesu. Ashe mu biyu ne mun kashe mishi albasa."

Sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Ni kuwa na zauna a kan kunyar fangalin, babban mutum da gemu, na yi abin da ban yi a maƙabarta ba. Da zan tafi ta ce, "Ba ka zo gida ba, Malam." Na ce zan zo.

Asabar, 7 ga Disamba

Na ba Rufus haƙuri a gaban mutanen da na zarge shi a gabansu. Ya ce ya yafe, amma sai na yi masa waƙa mai sunansa a ciki. Ɗan banza.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na tumɓuke ruɓaɓɓun. Fiye da rabi sun tafi. Na haƙa rami can nesa na binne su, hannuna yana wari, zuciyata ta fi hannun nauyi. Ƙauna ce ta nutsar da su, tawa da tata. Na nemi baiti a kan wannan, ya ƙi zuwa.

Laraba, 11 ga Disamba

Ni da Rahmatu mun je gidan. Na zauna a tabarma, ban kalli wajen gwaibar ba. Maman Hellen ta ce ta je wurin Madam Martina, tana so a sa ta a gurbin mijinta, in na yarda. Na ce aikin lambu da wuya, ga ciwon gwiwarta, ga nisa. Ta ce, "Ka koya mini kawai." Rahmatu ta taka mini ƙafa. Na ce zan yi tunani.

Ba ƙinta nake ba. Amma in na ce to, na yarda ke nan ba zai dawo ba.

Juma'a, 13 ga Disamba

Daga masallaci na wuce gida. A mararrabar rafi na ɗan tsaya, sannan na wuce.

Lahadi, 15 ga Disamba

Danshin ƙasar daidai, ba tsamo-tsamo ba. Da alama Rufus ya nuna wa Maman Hellen yadda ake ban-ruwa. A guraben da albasa ta mutu ta yayyafa irin alayyafo, layin a karkace kamar tafiyar maciji. Na ɗauko igiya da turaku don in daidaita, na tsaya ina kallo, na mayar da su buhu.

Madam Martina ta ɗago murya daga fangalinta, wai me na yanke. Na ce a bar ta ta gwada zuwa a cire albasa, mu gani. Gwaji ne kawai, ban ce komai da ya wuce haka ba.

Ranar Talata sai in zo da fartanya biyu. Tata ta yi mata nauyi.