Mangwaro a Rumbun Albasa

Laraba, bayan Isha'i, Jega

Yau na buɗe ruwan sigarin lantarkin da na haɗa da hannuna, kuma raina ya ɓaci.

Awo dai ban yi kuskure ba. Na kashe fanka don kada iska ta motsa ɗan sikelin, na aza kwalba, na maida shi sifili, na riƙa ɗiga gilisarin da ƙamshin mangwaro ɗigo-ɗigo har lamba ta tsaya daidai. Ko numfashi ban yi da ƙarfi ba.

An ce a bar shi wuri mai duhu ya kwana biyu, murfi a sassauce. Ina zan kai shi Baba bai gani ba? Sai na cusa shi cikin rumbun albasarmu a Aliero, na bar shi mako guda.

Zuƙa ɗaya na yi, hawaye sunka zubo. Albasa ce zalla, mangwaro ko labarinsa babu. Matata Hadiza tana shigowa ta toshe hanci.

"Maigida, miya kake dafawa a ɗaki?"

Na ce mata ba komai. Ta dubi kwalbar, ta dube ni.

"Alkawarin dai yana nan ko?"

Yana nan. Kwana goma sha ɗaya ban taɓa sigari ba, saboda tarin da take yi da cikin nan nata. Amma da Magariba na sayi kara ɗaya wajen mai tebur, ga shi cikin aljihuna.

Kwalin ashana yana ɗakin Hadiza. Ba ni da idon shiga in tambaya.